Akori-kurata da neman bakanike da kayan gyara na gaskiya

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Daga yau zan riƙa rubuta duk abinda aka yi wa motar nan, da rana da wata da abinda mita ta nuna, dan na gaji da fitar da kuɗi ba tare da na san ina suka shiga ba. Hilux ce ta 2012, wadda ake cewa Vigo, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7 wanda makanikai ke kira 2TR, giyar hannu. Hannu na biyu na saye ta shekara uku da suka wuce kuma ita ce ƙafata, ita ke kwaso kwandunan tumatir daga gona a wajen Kadawa zuwa kasuwar Kwanar Gafan, wani lokacin har 'Yankaba, in kaka ta yi kuma ta ɗauki shanshera zuwa Kura. Mita yau tana kan kilomita 287,400.

Jiya da yamma ina dawowa da kaya, na wuce Kura kaɗan sai na ga allurar zafi ta bar tsakiya tana hawa, na gangara gefen titi na kashe, ina jin ruwa na tafasa a lagireto kaman tukunya a kan murhu. Wannan shine karo na uku cikin wata guda. Abinda ya tsorata ni shine ana cikin hunturu, sanyin da sai mutum ya haɗa riga biyu da safe, to motar da ke zafi yanzu ina ga Afrilu?

Ba zafin kaɗai ba ne. Da safe in na tayar da ita akwai wata ƙara kacau-kacau na ɗan lokaci kafin ta lafa, gaba na ƙwanƙwasawa in na faɗa rami, tayar dama ta gaba na cinye gefe ɗaya, baya kuma ya zauna ko babu kaya. Burina kafin bazara ta kankama in samu mutum ɗaya da zan damƙa wa motar hankalina kwance, in kuma san inda ake samun kayan da ba jabu ba.

Talata, 16 ga Janairu

Na kai ta wajen bakaniken da na saba da shi. Ko bonet bai gama ɗagawa ba yace, "Alhaji gasket ne, sai an sauke top." Wato shimfiɗar da ke liƙe tsakanin kan injin da gangar jikinsa ce ta lalace, sai an kwance kan injin. Nace ta ina ka gane? Yace ai Hilux in ta fara haka shine. Ya lissafo min gasket, wankin top wajen masu injin, baƙin mai, kuɗin aiki, mota ta kwana huɗu a gareji a tsakiyar kakar tumatir.

Mutumin nan shekara uku muna tare kuma akwai mutunci tsakaninmu, ba zan ce yana cuta ta ba. Amma ina tsaye a wajen sai na tuna bara da ta fara ɗan zafi shi ya cire tamostat, ɗan abin da ke tsare ruwa a injin har sai ya ɗau zafi, ya jefar yace wannan na ƙasashen ƙanƙara ne, ba shi da amfani a Kano, na kuma tuna duk tsawon zaman nan tsarinmu ɗaya ne, yace kawo kuɗin kaya, in bayar, ya tura yaro kasuwa, in dawo in tarar an ɗaura, ban taɓa ganin kwalin abinda aka saya ba balle tsohon da aka cire. Nace masa bari in yi shawara tukunna. Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa.

Lahadi, 21 ga Janairu

Kwana biyar ina tambaya, duk mai Hilux da na gani a Kwanar Gafan sai na tare shi nace wa ke maka gyara. Kowa da gwaninsa. Na kuma kira wani babban gareji irin mai ofis da rasit na kwamfuta, suka min bayani cikin ladabi, amma kuɗin dubawa kawai da jerin abinda suka ce sai sabo dal za su ɗaura ya fi ƙarfin motar gona. Sunan wani dattijo ne ya fito daga bakin mutum uku da ba su san juna ba, ɗaya daga cikinsu direban wata ƙungiya ce da motocinsu ke shiga ƙauyuka kullum. Yace, "Baba ba ya sauri, kuma ba ya saya maka kaya, in kana gaggawa kar ma ka je."

Alhamis, 25 ga Janairu

Na je. Garejin ba wani abin kallo, rumfar kwano ce da rami ɗaya da yara huɗu, amma abinda na fara lura da shi sifanu a jere suke a jikin allo kowanne da ƙusarsa, kuma notunan da aka kwance daga wata mota suna cikin gwangwanaye daban-daban, ba a zube a ƙasa cikin turɓaya ba.

Bayan mun gaisa na fara cewa an ce min gasket ne, ya ɗaga hannu yace, "Bar abinda aka ce maka ɗana, faɗa min abinda kai ka gani." Yaushe take zafin, a gudu ko a go-sulo? Da kaya ko ba kaya? Ruwa na raguwa? Wane ruwa kake zubawa? Da nace na rijiyar gona ne, wani lokacin fiya wata, sai ya yi shiru kawai ya gyaɗa kai.

Kusan awa ɗaya bai kwance komai ba. Da injin ya huce ya buɗe murfin lagireto ya tsoma yatsa ya nuna min, ruwan ja kaman na kududdufi, tsatsa ce zalla. Ya juya murfin ya danna sifirin ɗinsa da babban yatsa, laƙwas, robar ta tsattsage. Yace ka ga 1.1 da aka rubuta a kai, matsin da ya kamata ya riƙe kenan, in ya riƙe ruwa ba ya tafasa a digiri 100 sai ya haura sosai, in bai riƙe ba kuwa tukunyar shayi kake tuƙawa. Ya buɗe murfin baƙin mai ya duba cikinsa, babu wannan farin kumfa mai kama da kindirmo da ake gani in ruwa ya haɗu da mai. Ya sa aka tayar, ya tsaya yana kallon bakin lagireto ko zai ga kumfa na ɓulɓulowa, babu. Sannan ya sa yaro ya ciro filogi huɗun ya ɗaura agogon awon matsi a kowace silinda, allurar ta tsaya kusan wuri ɗaya duk huɗun. Yace, "Gasket ɗinka lafiya lau. Wanda ya sauke top ɗin nan ya ɗauki alhakin injin."

Wallahi sai da na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina.

Muka zaga da ita har ta yi zafi, muka dawo ya kashe, ya sa hannu ya wulwula fanka, ta yi ta juyawa ita kaɗai kaman ta silin. Yace a tsakiyarta akwai kuloci mai wani mai mai kauri a ciki, in injin ya yi zafi ya kamata ta kama ta yi tauri ta jawo iska da ƙarfi, tawa man ya tsiyaye, juyi kawai take ba ta aikin komai. Ya kuma shafa jikin lagireto da bayan hannu, sama zafi, wasu wurare a tsakiya da ƙasa sanyi ƙalau, wato hanyoyin ruwan sun toshe. Ga tamostat babu. Yace shi wannan ɗan abin ba na masu ƙanƙara ba ne kaɗai, a wajen digiri 82 yake buɗewa, aikinsa ya riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, in babu shi da safe mota ta daɗe tana sanyi tana shan mai, kuma cire shi bai taɓa gyara lagireton da ya toshe ba, ɓoye ciwon kawai yake na ɗan lokaci.

Da na ciro kuɗi nace nawa kayan za su ci, yace shi ba ya riƙe kuɗin kayan kowa. Ya yago takarda ya kwafi lambar casis, harafi da lamba 17, ya nuna min farkonta MR0, yace wannan ƙirar Tailan ce, da ta Afirka ta Kudu ce da AHT za ta fara, kuma ba komai nasu ke shiga na juna ba, saboda haka kar in shiga kasuwa in ce "na Hilux" kawai. "Ka sayo ka kawo in gani kafin a ɗaura. In bai min ba ka mayar. Tsohon da na cire kuma a bayan motarka zan sa maka."

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Yini guda na yi a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa. Shekara nawa ina Kano ina wucewa ta wajen amma ban taɓa shiga da takarda a hannuna ina bi shago-shago ba sai yau. Abu ɗaya sai ka samu kala huɗu ko biyar: akwai wanda suke cewa na kamfani, a kwalin Toyota, akwai ɗan Beljiyam wato wanda aka kwance daga motar da ta yi aiki a waje, akwai ɗan Taiwan, akwai ɗan Dubai, akwai na Chana shi ma hawa-hawa. Tsakanin na ƙasa da na sama farashi na iya ninkawa uku ko fiye, kuma abin damuwar kwalayen kusan iri ɗaya ne.

'Yan kamasho sun tare ni tun daga bakin layi, "Alhaji me ake nema, kawo takardar." Ban bayar ba, Baba ya gargaɗe ni. Sai wajen azahar na faɗa shagon wani bawan Allah, da na miƙa masa takardar ya karanta sai yace, "Maigida wanne kake so, wanda zai yi aiki ko wanda zai yi arha? Duk ina da su, amma ba zan kira maka wannan da sunan wancan ba." Ya ɗora min filtar mai guda biyu a kan kanta, lamba ɗaya a jikinsu, 90915-YZZD2, yace ɗaga ka ji. Ɗaya ta fi nauyi, rubutunta tas, zaren bakinta sumul, ɗayar kuwa fentin ya ɗan malale kuma in ka leƙa ciki kana ganin gam. Da ba a haɗa min su gefe da gefe ba har abada ba zan bambance ba.

A wajensa na koyi abinda ya rage min kashe kuɗi. Toyota ba ita ke ƙera komai da hannunta ba, filogi da koyil, wato abinda ke ba filogi wuta, da yawa Denso ne ke yi, famfon ruwa da kuloci Aisin, kuma dukkansu 'yan gida ɗaya ne da Toyota, to in ka samu na gaskiya a kwalin Denso ko Aisin ka samu abu mai kyau a farashin da bai kai na kwalin Toyota ba. Boris kuma Koyo ko NSK, shokozoba KYB, bol joyin da tayarod akwai 555 na Japan. Sai dai yace duk sunan da ya yi suna an yi jabunsa, saboda haka sunan ba ya wadatarwa sai ka san hannun da ka karɓa.

Na sayi filta, murfin lagireto, tamostat da robarsa. Kulocin fanka sabo na Aisin babu a wajensa, yace sai dai a yi oda daga Ladipo a Legas ko Nkpor kusa da Anacha, ya ɗauki mako biyu. Ni kuma ina ganin mako biyu ya yi yawa.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Juyen mai, mita 288,600. Baba ya duba kayan ɗaya bayan ɗaya yace sun yi. Da aka kwance tsohuwar filta sai ya sa yaro ya kawo zarto ya yanka ta a gabana. Takardar ciki 'yar kaɗan ce, ninkinta a warwatse, gefe ɗaya ma ta ɓalle daga gam ɗin ta lanƙwashe, kenan mai na wucewa ta wajen ba tare da an tace shi ba. Ya zaro wata baƙar roba zagayayya daga bakinta ya lanƙwasa, ta karye ɓaras kaman busasshen ƙosai. Yace wannan robar ita ke hana mai zurarewa ƙasa in mota ta kwana, in ta mutu to kullum da safe injin a bushe yake tashi har sai famfo ya sake turo mai sama, ƙarar da kake ji kenan, sarƙar taimin ce da abin da ke ɗame ta suke jiran mai.

Shekara uku kenan ana min juye a kan lokaci, ina sayen mai mai tsada, ashe ta cikin irin wannan yake bi. Na ɗauki filtar da aka yanka na sa a leda na taho da ita gida.

Lahadi da safe na tayar, shiru. Litinin ma haka.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Na yi kuskure, kuma zan rubuta shi yadda yake. Saboda gaggawa na nemi kulocin fanka a intanet, na samu wani mai tallan kayan Hilux da hotuna masu kyau, muka yi waya, ya rantse orijina ne, yace in tura kuɗi ya sa min a mota. Na tura. Kwana huɗu kaya ya iso tasha, kwali mai kyau da sunan Aisin a jiki.

Baba ya fito da shi ya auna a tafin hannu, ya ɗauko tsohon nawa ya auna a ɗayan, bai ce komai ba ya miƙo min duka biyun. Sabon ya fi sauƙi sosai, haƙarƙarin jikinsa kaushi-kaushi da ɓurɓushin zubi, ɗan nannaɗaɗɗen ƙarfen gaba da ke jin zafi ya buɗe hanyar mai kuwa kaman ado aka manna shi. Yace in kana so a ɗaura a gwada dan ranka ya kwanta. Aka ɗaura, injin ya yi zafi, fanka ta ƙi kamawa, daidai da tsohuwar. Na kira mutumin sau ɗaya ya ɗauka yace laifin bakanike ne, daga nan wayar ba ta sake shiga ba.

Wani yaro a garejin maƙwabta yace a ɗaure fankar da noti ta riƙa juyawa dairek, kowa haka yake yi. Baba yace zafin zai sauka, gaskiya ne, amma za ta riƙa ruri kaman jirgi, ta ƙara shan mai, kuma nauyin zai koma kan boris ɗin famfon ruwa. "In a daji ta lalace maka zan yi maka haka ka iso gida. A garejina ba zan yi ba."

Asabar, 24 ga Fabrairu

Makonni biyun da na ƙi jira ga shi na yi su har da ƙari, a ciki kuma dala ta haukace, a kasuwar 'yan canji ta Wapa ta haura naira 1,800, duk farashin da aka faɗa maka a kasuwa na ranar ne kawai, gobe in ka dawo wani ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun bara aka kuma saki naira kayan mota ba su zauna wuri ɗaya ba, amma irin na watan nan ban taɓa gani ba. Sabon na Aisin ya fi ƙarfina yanzu.

Na koma wajen mai shagon nan na faɗa masa abinda ya faru, bai ce ai na faɗa maka ba, ya dai haɗa ni da maƙwabcinsa mai kayan Beljiyam. Muka yi sharaɗi a rubuce a bayan rasit: kwana bakwai, in bai kama ba in dawo da shi a ba ni kuɗina ba canji ba. Shawarar Baba a kan ɗan Beljiyam ita ce, abin ƙarfe da ake iya gwadawa kafin a biya, kaman kulocin fanka, sitata, altaneta, giyabos, sau da yawa tsohon na asali ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Amma abin da ke cinyewa ko roba ce a jikinsa, filta, fanbel, bushin, birki, tiyo, tamostat, wannan sabo kawai, dan ba ka san shekara nawa ya yi a can ba kafin ya yi wata nawa a kwantena.

Lagireto mun yi muhawara. Masu wanki sun ce za su buɗe su tsokale, amma tankinsa na roba ne da aka matse da haƙoran alminiyom, kuma nawa robar ta fara canza kala ta yi ruwan ƙasa, in aka buɗe aka mayar ba lallai ya sake riƙe matsi ba. Na cije na sayi sabo, ba na kwalin Toyota ba, mai bi masa.

Yau aka haɗa komai. Sau huɗu ana zuba ruwa ana tayarwa ana zubarwa kafin ya fara fitowa fari. Famfon ruwa ya duba yace ba ya yoyo ba ya girgiza, a bar shi, kuma na ji daɗin wannan dan da ya ce a canza ba zan musa ba. Aka zuba ruwan lagireto na gaskiya mai kalar hoda. Ya riƙe ni da ido yace, "Ruwan rijiya kuma an gama. In ya ragu ka zo in ga ta ina ya bi, kar ka cika kawai ka wuce."

Asabar, 9 ga Maris

Mako biyu allura ba ta motsa daga tsakiya ba, har a go-sulon Na'ibawa da kaya a baya. In ta ɗauki zafi ina jin fankar ta kama da wani huuu na ɗan lokaci sannan ta saki.

Yau aka shiga gaba. An ɗaga ta, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, sannan hagu da dama, ya sa ƙarfe a ƙarƙashi ya ɓanɓara. Bol joyin na ƙasa a dama ya tafi, tayarod ɗaya, da boris na wannan gefen. Na hagu yace suna da sauran rai. 555 na sayo wajen mutumina, boris Koyo. Abinda ya burge ni bai yarda a buga boris ɗin da guduma ba yadda na saba gani, ya ba yaro kuɗin mashin ya kai wajen masu injin matsewa aka shigar da shi a hankali, yace rabin boris ɗin da ake zagi ana cewa jabu ne guduma ce ta kashe su tun ranar farko. Daga nan na wuce alaimen.

Laraba, 20 ga Maris

Azumi ya kai goma. Shekaranjiya ana dab da shan ruwa mota ta fara rawa tana tsallen wuta, fitilar inji ta kama. Rewayan da na tsaya wajensa a hanya yace koyil huɗun duk sai an canza. Na lallaɓa da ita gida. Jiya ɗan Baba, wanda shi ke riƙe da kwamfutar gwaji, ya jona ta nuna P0302, wato silinda ta biyu. Ya ɗauke koyil ɗin ta biyu ya musanya da na ta uku, ya goge, aka tayar, sai ta koma P0303. Ciwon ya bi koyil ɗin kenan. Guda ɗaya na saya, Denso ɗan Beljiyam, aka gwada a wajen. Filogi kuma sabbi huɗu dan tsofaffin bakinsu ya cinye ya buɗe.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Ga zafin da nake tsoro ya zo, da rana sitiyari ba ya taɓuwa. Jiya na yi Kadawa zuwa Dawanau da tsakar rana da kaya, AC a kunne, na ratsa cikin gari, allura na nan inda take kaman an kafe ta. Alhamdu lillahi.

Saura baya. Na je da niyyar a ƙara min ganyen sifirin biyu-biyu kaman yadda 'yan lodi ke yi. Baba ya shiga ƙarƙashi ya fito yace ganye ɗaya ya karye a hagu, bushin duk sun mutu, sannan ya tambaye ni buhu nawa nake ɗora mata. Na faɗa masa gaskiya, sha biyar, wani lokacin sha takwas in hanya ɗaya ce. Ransa ya ɓaci sosai, ban taɓa ganinsa haka ba. Yace motar nan abinda aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya ba har da kai da mutanen da ke ciki, in ka ƙara ganye sifirin zai daina nuna maka ya gaji amma aksul da boris na baya da birki da casis suna nan yadda suke, ranar da za ka taka birki a gangare da mutane a gabanka ba sifirin ne zai tsayar da kai ba. "Kana neman kaya na gaskiya kana zagin masu jabu, to ita motar kai ma ka yi mata gaskiya mana."

Maganar ta zauna min. Tun Janairu nake ɗora laifi a kan kwali da bakanike, amma ruwan rijiya ni na zuba, lodin nan ni nake yi. An canza ganyen da ya karye da ɗan Beljiyam mai kauri ɗaya da sauran, bushin sabbi, da ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksul su ma sabbi. Ba a ƙara ko ganye ɗaya ba. Na koma sawu biyu in kaya sun yi yawa, man ya ƙaru, ina ji a aljihuna.

Dala ta sauko sosai a watan nan amma a kasuwa ba abinda ya sauko, kowa cewa yake da tsada ya saro.

Asabar, 11 ga Mayu

Na biya wajen tsohon bakanikena mun gaisa, dan bai kamata a rabu a kan shiru ba. Na nuna masa filtar da aka yanka. Ya daɗe yana juya ta, yace wallahi Alhaji yaro nake aikawa, kuɗin orijina nake ba shi. Na yarda da shi. Nace to ka fara yankawa kana gani. Ƙananan ayyuka irin su birki zan riƙa kawo masa, amma kayan ni zan sayo.

An yi juye na biyu tun ƙarshen Afrilu a 293,700, na manta ban rubuta ba. Kilomita 5,000 muka tsayar saboda ƙurar hanyar gona, filtar iska kuma a kaɗe ta duk mako.

Asabar, 22 ga Yuni

An gama hidimar babbar sallah, ruwa ya sauka, hanyar gona ta fara caɓewa. Mita 297,900. Tun 24 ga Fabrairu ban ƙara ko kofi ɗaya na ruwa a lagireto ba, kuma har yanzu kalarsa hoda ce. Tayar dama ta daina cin gefe.

Abinda ya rage: shokozoba na baya ɗaya ya fara jiƙewa da mai, mutumina na Ƙofar Ruwa yace KYB na hanya daga Legas, wannan karon zan jira ko wata ne. Kulocin giya ya fara kamawa can sama, Baba yace zai kai ƙarshen damina in na daina ɗora ƙafa a kai, in lokacin ya yi kuma faranti da mazauninsa da boris duk tare za a canza dan kar a sauke giyabos sau biyu. Tayoyin baya na duba lambobi huɗun nan na jikinsu, 3619, wato mako na 36 a 2019, sun tsufa ko da haƙoransu na nan, su ne farko in kuɗin shinkafar rani sun shigo. Juye na gaba a 298,700, filtar na saya tun jiya tana cikin akwatin gaba da rasit ɗinta.